Takalmin Gudu na Arba'in da Ɗaya

"Sauko daga tsanin nan, don ubanka!"

Maƙeri bai ko waiwayo ba. Ya ƙara danna awartaki, ƙusar ƙarshe ta fita, takalmin dokin ya faɗo hannunsa. A ƙasa kawunsa, shugaban ƙungiyar sukuwa, sai huci yake, masu gadi biyu a bayansa.

Gobe ne gudu na tamanin na babbar sukuwa mai kilomita huɗu. Tun gudun farko, duk dokin da ya ci, akan cire takalmin ƙarfen ƙafarsa ta gaba a kafe shi a bangon zauren nan. Gogewa kawai aka sa Maƙeri ya yi. Da ya kai kan na arba'in da ɗaya, shekarar da goɗiyar Kawu ta ci, sai hannunsa ya tsaya.

"Uban nawa dai, Kawu," ya ce yana saukowa. "Shi ke yi wa goɗiyarka takalmi a lokacin. Ɗigo uku yake bugawa a kowane aikinsa. Nuna min su a nan."

"Tsatsa ta cinye."

"Tsatsar ce ta ƙara masa faɗi? Ga hoton goɗiyar can, kofato kamar na jaki. Wannan ƙafar ingarma ce. An sauya doki. Haka Baba ya faɗa ranar gudun, kuka ce maƙaryaci ne, kuka kore shi. Har ya rasu bai sake taka filin nan ba."

Kawu ya matso har numfashinsa na dukan fuskar Maƙeri.

"Albarkacin ƙanwata kake cin abinci a nan, yaro. Wa zai saurari tsohon ƙarfe ɗaya? Ku karɓe shi!"

Masu gadin suka murɗe masa hannu ta baya. Ya dunƙule yatsu, suka ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya jefa takalmin aljihu ya dafe, yana murmushi.

Sai ƙofa ta yi ƙara. Wani ɗan tsamurmurin tsoho mai gwame ya shigo, ya zazzage jakar fata a kan tebur. Takalma uku, masu faɗi, ba ɗigo ko ɗaya.

Murmushin Kawu ya ɗauke.

"Ranka ya daɗe, ka tsufa," in ji tsohon. "Ni na hau ingarman nan. Na zo a haɗa min da na huɗun."