Ƙarfen da Ya Faɗo daga Sama

"Tallafo masa kai, Goggo," in ji ɗan maƙerin, "bari in ɗiga."

Goggo mai ɗinki ta tallafo kan tsohon maƙerin, maƙwabcinta tun tana amarya. Wayyo, kan nan ba nauyi, sai ka ce ƙwarya. A kan tabarma ga baƙin dunƙulen da ya tsinta a gona shekarun baya, ya kinkimo shi gida yana nishi. Ƙarfe ne da ya faɗo daga sama. Wani malamin makaranta ya taɓa gaya masa cewa in aka goge gefe guda ya yi sumul, aka ɗiga ruwan asid, layuka za su fito a gicciye kamar saƙar tabarma, irin waɗanda babu maƙerar da ke iya yi. Su yake son gani kafin ya tafi. Ya yi ta gurza da magagari har hannu ya ƙi.

To ɗan nasa mai walda ne, ga tausayi ga gaggawa. Ganin uban na ƙarewa, ya kai dunƙulen shago, ya yanke shi da wuta, ya goge fuskar kamar madubi.

Ya ɗiga ruwan. Suka zuba ido. Fuskar ta dushe, ta yi toka-toka, ko layi ɗaya babu.

"Ƙara mana," in ji mai ɗinki.

Tsohon ya shafa bakin yankan, inda ya yi shuɗi. "Wuta ka sa masa."

"Don a yi sauri, Baba."

"Wuta ke cinye zanen." Ya yi 'yar dariya, tari ya tare ta. "Kai dai tun kana rarrafe ko shayi ba ka bari ya huce."

Ɗan ya kifa kai a gwiwa. Ƙato guda, kafaɗunsa na girgiza.

"Ɗaya gefen fa, Baba maƙeri?" ta tambaya. "Can nesa da inda wutar ta bi?"

"Wataƙila da saura." Ya laluɓo hannun ɗansa ya riƙe. "Magagari kawai. A hankali."

Washegari da hantsi ya cika.

Bayan masu gaisuwa sun watse, mai ɗinki na kan kekenta, sai ta ɗage ƙafa ta saurara. Ta bayan katanga, daga ɗakin marigayin, ƙarar magagari ce ke tafiya tana dawowa, a hankali.