Faɗin Mota Ɗaya

Hantsi ya ɗaga, hadari na haɗowa ta gabas, lokacin da Dogo, direban motar asibiti, ya shiga zauren majalisar gari ya nemi kujerar can baya. Yau za a yanke magana kan dokar rufe titin babban masallaci duk ranar Juma'a, daga kiran farko har a sallame. Titin nan kuwa shi kaɗai ne ya miƙe zuwa ƙofar asibiti. Likita ya ce tunda shi ke tuƙin, shi zai zo ya yi bayani.

Abin da ya ɗaure masa kai, liman ne ya kawo dokar, liman kuma surukinsa ne.

Da safe ma sai da matarsa ta tsare shi a ƙofar ɗaki, tana goye da 'yar autarsu.

"Kai da ko ruwa ba ka iya sha a gaban Baba, yau kai ne za ka ce masa a'a?"

"Ba a'a zan ce ba. Hanya zan roƙa."

"To, Allah ya sa kar muryar ta maƙale."

Liman ya fara magana, a natse. Ya ce masallaci ya yi wa jama'a kaɗan, sahu na fitowa har kan titi, kwanaki ma mai babur ya banke wani tsoho yana cikin sujada. Dogo bai musa ba ko a ransa, don shi ya ɗauki tsohon.

Wani kansila mai ƙaton tumbi ya buga tebur. "Duk wanda ya ƙi dokar nan, ya je ya binciki imaninsa!"

Sai shugaban majalisa ya kira direba.

Dogo ya miƙe, idonsa a kan siminti. "Ranku ya daɗe, ni ma a titin nan nake sallah in ba ni da aiki. Amma in aka rufe shi gaba ɗaya, sai na zagaya ta cikin kasuwa, kun kuma san yadda take cushewa. Mace na naƙuda a bayana tana kiran sunan Allah, ni ina jiran mai kura ya kauce. Naƙuda ba ta san Juma'a ba."

"Direba," in ji kansilan, "yanzu kai za ka koya wa Malam addini?"

"Wane ni! Tuƙi kawai na iya, shi na zo faɗa."

Aka ɗan yi dariya. Liman bai yi ba. Bai kuma dubi Dogo ba, sai ya fuskanci shugaba ya ce:

"A tambaye shi, wane irin fili motar tasa take buƙata?"

Dogo ma shugaban ya ba amsa. "In an bar mini faɗin mota ɗaya ta gefen kwata, ya isa. Kuma in an tayar da sallah ba zan kunna jiniya ba."

"A ce masa ya kunna," in ji liman. "Rai ne a ciki." Ya gyara rawaninsa. "Mu muke karantar da cewa hanya na da haƙƙi a kan wanda ya zauna a kanta. A rufe titi, a ja igiya, a bar masa gefensa."

Wasu daga cikin mutanen masallaci suka yi gunaguni, kansilan ya ce ai shi ma abin da yake nufi ke nan. Aka ɗaga hannuwa, doka ta wuce da gyaranta.

A bakin ƙofa Dogo ya durƙusa ya gaida surukinsa. Liman ya ce "Yauwa" kawai, fuska ba walwala, ya wuce.

An fara yayyafi. Dogo ya shiga mota ya tayar, sai ya tarar wani ya jingine babur daidai bayansa, ba halin ja da baya. Yana shirin fitowa ya hango liman ta madubi, ya tattare babbar rigarsa a kafaɗa, ya kama kan babur ɗin yana turawa gefe. Da ya gama sai ya ɗaga hannu, alamar taho.

Kafin Dogo ya sauke gilashi, surukin nasa ya riga ya kai bakin titi.