Rabin Ƙwaya

Malam Zainulabidin, limamin unguwa, ya ɗago daga sujada, ya yunƙura zai miƙe, sai bangon masallacin ya yi masa baƙi ƙirin. Bai ji faɗuwarsa ba. Da ya farfaɗo, a gefe ya tsinci kansa kwance, Mustafa kuma, wanda shi ya koya wa baƙi da wasali, ya shiga gaba yana ƙarasa wa jama'a la'asar. Ba wannan ne karo na farko ba.

Washegari 'yarsa Najaha ta kai shi asibiti. Likita ya auna shi a kwance, ya sake auna shi a tsaye.

"Malam, tun yaushe kake shan wannan maganin tansiyon, na hawan jini?"

"Tun Najaha tana goye. Ban taɓa tsallake rana ba."

"To, maganin bai canza ba, jikin ne ya canza. Ƙodar tsoho ba ta saurin fitar da shi, jijiyoyi kuma sun yi nawa wajen kai jini ka idan ka miƙe. Abin da ya yi maka daidai dā, yanzu ya yi yawa. Ka koma rabin ƙwaya, ka riƙa shan ruwa, ka dawo mu sake dubawa."

Malam ya jinjina kai. Ashe biyayyarsa ce take kayar da shi.

Kafin wata ya mutu jiri ya tafi. Ya taka har kasuwar Matameye da ƙafarsa, ya dawo bai dafa bango ba. Sai ya sa farar rigarsa ya nufi gidan Alhaji Ummaru, wanda ya gina masallacin unguwar.

"Alhaji, na warke. Magani ne ya yi mini yawa, an rage."

Alhaji Ummaru ya daɗe yana gyara zaman hularsa.

"Alhamdu lillahi, Malam. Sai dai jama'a sun tsorata. Mutum yana sallah, hankalinsa na kan ƙafar liman. Ka yi naka, ka huta. Mustafa ai ɗanka ne."

"Likita ya ce..."

"Likita ba ya rage shekaru, Malam."

Da azahar ya shiga masallacin da ya yi rabin rayuwarsa yana limanci. Mutane suka yi ta buɗa masa hanya, kowa na yi masa sannu da jiki. A ƙarshen sahun farko, jikin bango, an ajiye sabuwar kujerar roba, ko ledarta ba a gama ɓarewa ba. Ya duba sahun, babu gurbin tsayuwa ko na mutum ɗaya.

Mustafa ya waiwayo, ya sunkuyar da kai.

"Malam, bismilla, ga wurinka."

Ƙafafun Malam sun daɗe ba su yi ƙarfi irin na yau ba. Aka tayar da iƙama. Ya zauna.