Taku Bakwai Daga Marke

Wata tara kacal Malam Halliru ya yi a Ingila, amma ya shekara shida yana ba da labarinta. Kwas ɗin malaman makaranta aka tura shi, a wani gari na bakin teku, ya dawo Karaye da jibgegiyar kwat da kundin hotuna. Duk wanda tsautsayi ya zaunar a ƙofar gidansa bayan la'asar, sai ya ga hasumiyar da ake kunna wa jiragen ruwa fitila, da rusasshiyar ganuwar dutse, da wata tsohuwar igwa da ta sa teku a gaba. Ya haddace shekarar da aka gina kowanne. Abin da ya fi burge shi kuwa maƙabartarsu: kowane kabari da dutse a kansa an rubuta suna, wani ma ya haura shekara ɗari uku.

"Mutanen nan ba sa wasa da tarihinsu," in ji shi. "Mu kuwa daga ci sai barci."

To, mai wannan cika baki bai san inda kabarin mahaifiyarsa yake ba. Zaituna ta rasu yana goye, a wani ƙauye da ke gangaren garin da ake kira Turawa, aka kawo shi Karaye wurin dangin uba. A wajenmu ba a rubuta suna a kabari. Wanda ya shiga rami ya karɓi gawa, shi ke riƙe da wurin a kansa, kuma cikin waɗanda suka binne ta saura mutum ɗaya, yayanta Maikuɗi.

Da aka kama aikin madatsar ruwa, aka ce ƙauyen na cikin waɗanda ruwa zai ci, Kawu Maikuɗi ya aiko sau uku a ce wa Halliru ya zo ya nuna masa. Aiken farko ya tarar ana jarrabawa. Na biyu ya zo ranar da aka gayyace shi Rogo ya nuna wa ɗalibai hotunan Ingila, kuma wane shi ya bar wannan! A na uku ya ce in Allah Ya yarda bayan salla. Ba wai bai damu ba ne, gani yake ƙasa ba ta gudu.

Sai da damina ta faɗi, ya ji a kasuwa ana cewa ruwa ya shanye fadamar ƙauyen, sannan ya zabura. Ya sa mai fenti ya rubuta masa sunan Zaituna a allon ƙarfe, ya ɗaure a bayan babur, ya nufi sabon matsugunin da aka mayar da mutanen.

Ya iske kawun a gindin bango, ya tsufa fiye da yadda ya zata. Halliru ya durƙusa.

"Sannu da hutawa, Kawu. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Ashe kana gane hanya. Mene ne wancan ka ɗauro?"

"Sunanta ne, Kawu. Zan kafa a wurin."

Tsohon ya daɗe yana kallon allon. "Allah bai manta sunanta ba, Halliru. Amma mu je."

Halliru ya goya shi a babur, suka nufi tsohon ƙauyen. Gidaje sun zama kangaye, an kwashe jinka da azara. Babu itace ko ɗaya a tsaye. Da mutane suka tabbatar ruwa zai ci, sai suka ce gara su ci da kansu: aka sare na sarewa, masassaƙa suka ɗebi na turmi, masu gawayi suka ƙone har kututture. Maƙabartar ta zama fili fetal, shanu sun tattake, ruwan sama ya baje sauran. Can ƙasa kuma ga ruwan madatsa yana walƙiya, bai fi jifa biyu ba.

Kawu Maikuɗi ya sauka ya tsaya cak.

"Taku bakwai gabas da itacen marke," ya ce a hankali. "Ina marken?"

Ramukan toka huɗu ne a wurin, kowanne zai iya zama shi. Tsohon ya je na farko ya ƙirga taku bakwai, ya girgiza kai. Ya koma na biyu. Ya duba gabas, ya duba inda masallaci yake a da, ya sake ƙirgawa, sandarsa na nutsewa a laka. Halliru na biye da shi rungume da allo, cike da kunya da tsoro. Da tsohon ya waiwayo ya ga fuskarsa, sai ya doka sanda a ƙasa.

"Nan ne."

Halliru ya zube a gwiwa. Bai taɓa yi wa mahaifiyarsa kuka ba, don bai san ta ba, amma ranar ya yi har da shessheƙa. Ya karanta Ƙulhuwallahu, ya roƙa mata gafara, ya roƙi tata gafarar. Sannan ya sami dutse ya buga allon har ya kafu. Ya tashi zuciyarsa wasai, kamar an sauke masa kaya.

Sun hau tudu ke nan a hanyar komawa, tsohon ya taɓa kafaɗarsa.

"Tsaya, ɗan nan."

Ya tsayar da babur.

"Na kusa tafiya inda ta tafi, ba zan je da ƙarya a bakina ba. Ban gane wurin ba. Tausayinka na ji. Da ka zo bara, da ido rufe zan kai ka."

Halliru ya waiwaya. Daga nan ana hango allon, ɗan ƙarami a tsakiyar fili, da sunan Zaituna a kan kabarin wani, ko a kan ƙasar da ba kowa a cikinta. Ya fara juya kan babur.

"Bari in koma in cire shi, Kawu."

"To, koma," in ji tsohon. "In ka cire, ina za ka kai shi?"