Gaiwar Gindin Tsamiya

A ƙarƙashin ɗan yashin da ya rage a kogi, daidai gindin tsamiya, akwai wata gaiwa tana barcin rani cikin laka. Kullum tsoho Shago ya zo ban ruwan albasarsa, sai ya tona yashin da hannu, ruwa ya tsattsafo, ya ɗiba da ƙwarya, ya ce, "Kin tashi lafiya, uwar ɗaki?" A ganinsa, muddin tana nan kogin bai mutu ba.

Sauran yashin tuni masu tifa suka kwashe shi zuwa birni. Kogi ya daina riƙe ruwa, lambunan fadama suka bushe, samari suka koma unguwar Bacirawa a birni tuƙa adaidaita sahu.

Da abin ya ishi mutane, ƙungiyar manoma ta kira gayya: a tare kogin da buhunan yashi, ruwan damina ya samu wurin tsayawa. Musulmi da Kirista aka fito, har da mai ganga. Sai da aka zube buhunan aka ga babu abin cika su.

"Sai na gindin tsamiya, Baba," in ji Usaini, shugaban ƙungiya.

"Da shi nake ban ruwa."

"Mun sani. Amma fadamar duka muke so ta dawo, har da taka."

Keziya, 'yar ƙanen Shago, tana dama wa masu gayya kunu, ta ce, "Ku bi a hankali dai, budurwarsa na ciki. Kullum sai sun gaisa."

Aka yi dariya. Shago ya juya maganar Usaini, bai ga ƙarya a cikinta ba. Ya sunkuya ya riƙe musu bakin buhu.

Kafin la'asar shebur ya fito da gaiwar, a naɗe cikin laka. Mai ganga ya ƙara wa kiɗa wuta. Aka yi farfesu, aka kawo wa Shago kan, tunda shi ne babba.

Washegari ya zo da ƙwaryarsa. Ya tona har gwiwar hannu, ya tona har kafaɗa. Hannun ya fito a bushe.

Usaini yana tsaye a kan buhunan, yana duba aikin jiya.

"Damina kawai muke jira, Baba."

"Allah ya kawo ta," in ji Shago. Ya kife ƙwaryar a kan ramin.