Kifin Murdo

"Mayar da shi ruwa, Baba Murdo," in ji Lachlan.

"Mataccen zan mayar?"

Ina kan gada da karena, duk a idona aka yi. Murdo maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu tun muna da baƙin gashi, kuma ya riga ya kwaɗa wa kifin kulki a ka. Lachlan shi ne mai gadin kogi. Ni na koyar da shi a firamare, tun lokacin ba abin da yake so irin a ba shi rubuta sunan masu surutu.

Dokar bana ta ce duk kifin salmon da aka kama a koginmu a sake shi, wai ya yi ƙaranci. Ya yi, ban musa ba. Amma masu kuɗi su taso daga Landan, su soke masa baki da ƙugiya, su ja shi har ya galabaita, su ɗauki hoto su sake shi, sunansu masu tausayi. Wanda zai ci kuwa, ɓarawo.

"Ɗan nan, likita ya ce ba zan ga ƙarshen wata ba," in ji Murdo. "Ba abin da bakina ke so sai wannan. Da dankali da man shanu."

"Ai akwai na kanti."

"Na keji? Wanda ake ɗura wa dusa kamar kajin gona? Kai wa uwarka."

"To Baba, likita da doka ba ofishinsu ɗaya ba." Ya zare kifin daga hannun tsohon, ya haɗa da sandar fatsar. "Shaida ce. Sai kotu ta zauna."

Na ɗaga murya daga gada. "Lachlan, ba ka da kunya?"

"Malama, ke kika koya mana doka doka ce."

"Na koya maka lissafi ma, ai bai zauna ba."

Ya yi dariya, ya jefa kifin a bayan mota.

Ishbel, matar Murdo, ta ce mini ran nan bai yarda ya wanke hannu ba. Ya kwanta da tafinsa a kan hanci, yana shaƙar ƙarnin kifin. Ta sayo na kantin a ɓoye, ta dafa da man shanu, ta ce wani abokinsa ne ya aiko daga wani kogi. Ya dubi farantin, ya dube ta, ya juya fuskarsa bango. Na je ofishin su Lachlan na roƙi ko da yanka ɗaya na kifin. Aka ce yana firiza da sunan Murdo a jiki, ba a taɓa shaida.

Murdo bai ga ƙarshen watan ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta gidan ya cika, ana shan shayi da wuski. Sai ga Lachlan da baƙar kwat, riƙe da doguwar leda.

"Inna Ishbel, Allah ya ji ƙansa. An rufe shari'ar, tunda wanda ake tuhuma ya rasu. Ga kifinku. Sandar dai ta zama ta hukuma."

Da zai fita ya ɗauki biredi da cuku a tire.

Ishbel ta tsaya rungume da ledar, ta rasa inda za ta aje, teburin duk kofuna ne. Sai ta ɗora a kan kujerar Murdo, gefen murhu. Ƙanƙarar ta fara saki, tana ɗiga a kan darduma.