Abin da Likita Ta Faɗa wa Gide

A Mairuwa, in aka yi rasuwa a dangi, Alhaji Gide ake fara nema. Mutane suna cewa ba wanda ya kai shi iya kai labarin mutuwa. Zai hau babur har Sabuwa ko Yankara, ya zauna ya sha ruwa, ya tambayi gona da awaki, sannan ya ce wane ba ya ɗan jin daɗi amma da sauƙi, yana son ganinku. Haka zai kawo mutum gida ba kuka ba faɗuwa a hanya. Maza suna yaba masa sanyin baki. Mata kuwa cewa suke in kin ga Gide ya shigo gidanki da murmushi, ki fara neman hijabin zuwa gaisuwa. Akwai kuma abin da kowa ya yarda da shi, cewa tun da yake ba a taɓa jin ya ba na ƙasa da shi haƙuri ba.

Ƙanwarsa Hajaratu ta fi kowa sanin halinsa. Lokacin da take aure a Mabai, shi ya je ya ɗauko ta ya ce Innarsu na nemanta, jikin da sauƙi. Da suka biyo ta Ƙanƙara ta ce ya tsaya ta saya wa Inna farin goro, don shi tsohuwar take so. Ya tsaya. Yana kan babur yana kallonta tana zaɓe tana ciniki, bai ce komai ba. Da suka iso sai ta tarar da tabarmi a ƙofar gida, maza sun riga sun dawo daga maƙabarta. Ba ta taɓa yi masa maganar ba, amma tun ranar ba ta sake tauna goro ba.

Bayan mijinta ya rasu ta dawo Mairuwa, tana suyar ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa. Bana, ana cikin karyar masara, aka ce ciwon daji ne a nononta na hagu. Gide ne ya kai ta asibiti a Zariya. Kafin a yi aikin, likitar ta yi mata bayani a tsanake: za a cire nonon, a ciro da 'yan kaluluwar da ke cikin hammata a kai su ɗakin gwaji. In ciwon bai kai can ba, abin da ya rage kaɗan ne. In kuwa ya kai, akwai doguwar hanyar magani mai ƙarfi a gaba, kuma ba a son a yi jinkirinta. Hajaratu ta riƙe wannan maganar da kyau.

Ranar sallama, ana wanke mata ɗinki, sai Gide ya shige wurin likita shi kaɗai. Ya fito yana murmushi. Ya ce an gode Allah, hammata lafiya lau, an gama, sai gida.

Murmushin nan ne ya hana ta sukuni.

Suna dawowa ya sa matansa suka tuƙa tuwon sadaka aka raba har masallaci. Mata suka yi ta shigowa barka, wannan da fura, waccan da 'yan ƙwai a ƙwarya, kowace tana cewa Alhaji ya ce an ci ƙarfin ciwon. Hajaratu na zaune da hannu ɗaya a kan matashi tana amsawa da ƙyar. Ita dai gani take zaman makokinta aka fara tun tana numfashi, kuma ita kaɗai ce ba a gaya wa ba. Da wata maƙwabciya ta ce ai sai ta saki ranta, sai Hajaratu ta ce mata in ta gama kallon ta ja mata ƙofa. Matar ta fita ta bar ƙwaryarta.

Sai kuma hammatar ta fara kumbura. Da fari kamar ƙwallon goruba a ƙarƙashin ɗinkin, daga baya har ba ta iya sauke hannun sosai. Tana alwala hannunta na can, tana cin tuwo hannunta na can, tana latsawa tana auna ko ya ƙaru. Ta aika aka kira Gide, ta nuna masa ta saman riga, ta ce ya faɗa mata abin da likita ta ce, kalma da kalma. Ya dubi gefe ya ce ai ya faɗa mata, da sauƙi, kumburin aiki ne, ta bar sa wa kanta waswasi. Ya tambaye ta ko akuyarta ta haihu.

Tambayar akuyar ce ta ƙarasa ta. Yana fita ta ɗauki kofin da ya sha ruwa ta maka shi da bango.

Ta kira 'yarta Shafa'atu da ke aure a Yankara. Da ta zo, Hajaratu ta nuna mata babban kaskon suya da turmi da awaki, ta ce ta nemi mota ta kwashe su tun ana gane na wane ne. Shafa'atu ta fashe da kuka, ta ce Kawu ba zai yi ƙarya a kan rai ba. Hajaratu ta ce a kan rai kaɗai yake yin ta. Ta ba ta labarin goron Ƙanƙara, wanda ba ta taɓa ba kowa ba. Shafa'atu ta share hawaye, ta ce to maimakon rabon kaya, me zai hana su je su ji daga bakin likitar?

Da safe suka shiga motar Funtuwa, daga can suka kama ta Zariya. Ba su sallami kowa ba.

Likitar na ganinta ta tambayi inda ta shige. Ta ce ta gaya wa Alhaji ya dawo da ita bayan mako biyu a duba ɗinkin, ga shi an kusa wata. Ta ce ranar sallama ma Hajaratu ta nema, Alhaji ya ce mata a faɗa masa kawai, a gidansu haka ake yi. Ta kwantar da Hajaratu, ta latsa kumburin, ta sa allura ta zuƙe wani ruwa rawaya-rawaya har wurin ya saɓe. Ta ce wannan ruwa ne da kan taru bayan aiki, ba shi ne ciwon ba, kuma da an zo da wuri da bai kai haka ba.

Hajaratu ta ce ba kumburin ya kawo ta ba. Ta ce so take a gaya mata ko dajin ya shiga hammata.

"Ban sani ba, Hajiya," in ji likitar. "Sakamakon bai fito daga ɗakin gwaji ba. Abin da na faɗa wa Alhaji ke nan. Yana iya yiwuwa ya shiga, yana iya yiwuwa bai shiga ba. Ba wanda ya sani tukuna."

Hajaratu ta daɗe tana kallon silin. Ba albishir ba ne, amma tun da aka yi aikin wannan ce maganar farko da ta zauna mata. Likitar ta sa mata ranar dawowa, ta karɓi lambar Shafa'atu, ta ce daga yau da mai jikin za ta riƙa magana.

A mota tsoron bai tafi ba, sai dai ya koma gefe ya ba fushi wuri. Tun daga Funtuwa take jera abin da za ta ce.

Sun iso ana shirin la'asar. Gide na tsaye a tsakar gidanta, hula a hannu, matansa da maƙwabta sun yi cirko-cirko. Ya fara faɗa tun ba ta zauna ba: an neme ta har Yankara, hanya ba lafiya, mace da ɗanyen ɗinki ta fita ba sallama kamar ba ta da kowa.

"Yaya, me likita ta ce maka?"

Ya ce ba a yin wannan maganar a gaban mutane.

"A gaban mutane ka raba tuwo. Faɗa mani a gabansu."

Ya juya hular a hannunsa. Ya ce to, likita cewa ta yi ba ta sani ba. Ya ce ta yaya zai fito ya kawo wa ƙanwarsa da aka yanka jiya "ban sani ba"? Me za ta yi da ita? Ya ce niyyarsa in an kwana biyu ya je shi kaɗai ya karɓo sakamakon, in ya yi kyau shi ke nan maganarsa ta zama gaskiya, ita kuma ta huta da zullumi.

"Na huta? Kaskona na ba Shafa'atu. Awakina na raba. Kwana nike ina latsa hammata ina jiran mutuwa, don na san murmushinka. Ruwa ya taru mani a jiki don ka hana ni ranar komawa. Jikina ne, Yaya, ba gawa aka aike ka kai labarinta ba. 'Ban sani ba' ɗin ma tawa ce, da ka ba ni abata."

Ya ce shi alheri ya nufa.

"In kuma sakamakon bai yi kyau ba fa? Sai ka tsaya a kan babur in gama zaɓen goro?"

Matan ba su gane ba, amma shi ya gane. Ya dubi kaskon da aka jingine a bakin ƙofa, ya dubi hannunta da take tallafe da shi. Aka kira salla a masallacin unguwa, bai motsa ba. Uwargidansa ta yi masa magana a hankali cewa lokaci zai wuce, bai ko waiwaya ba.

Hajaratu ta zauna a kan turmi. Ta ce ranar komawa ita da Shafa'atu za su je. In yana so ya raka su, amma a bakin ƙofa zai zauna, kuma duk abin da aka faɗa ita za ta fito ta gaya masa.

Gide ya matso ya durƙusa a gabanta, gwiwarsa har ƙasa, babbar rigarsa na jan turɓaya. Ya yi magana, har na bakin zaure sun ji.

"Ban san abin da ke hammatarki ba, Hajaratu, kuma na ce maki na sani. Na yi maki laifi. Da na yau da na goron, ki yi haƙuri ki yafe mani."